Gani Ya Kori Ji? Tambaya da Taklidi a Koyarwar Buddha

Kesaputta gari ne a ƙasar Kosala ta arewacin Indiya, kuma mutanensa, waɗanda ake kira Kalama, malamai sun gundure su. Wajen ƙarni na 5 ne kafin Miladiyya, lokacin da kwarin kogin Ganga ya cika da masu wa'azi da ke yawo gari-gari, kowa da tafarkinsa. Wannan ya sauka ya baje kolinsa ya kushe na wanda ya riga shi, kafin ƙurarsa ta lafa wani ya iso ya yi masa abin da ya yi wa na baya. Da labari ya bazu cewa Gotama, wanda mabiyansa ke kira Buddha, ya iso da ayarin almajiransa, sai mutanen garin suka je suka gaishe shi, suka zube masa damuwarsu. Suka ce: ranka ya daɗe, mun rasa na kamawa. A cikin malaman nan wa ke faɗin gaskiya, wa ke shara ƙarya?

Amsar da ya ba su tana cikin kundin Anguttara Nikaya na harshen Pali, tsohon harshen Indiya da aka adana huɗubobinsa da shi, kuma a yau da wuya a sami wata huɗubarsa da ake yawan jawowa kamarta. Ya fara da kwantar musu da hankali, ya ce shakkarsu a kan hanya take, domin abin da ya cancanci shakka ne suka yi wa shakka. Sannan ya jero abubuwa goma da ya ce kada a kafa hujja da su. Kada ku yarda da abu don an daɗe ana maimaita shi, ko don an gaje shi kaka da kakanni, ko don an ce ka ce, ko don yana cikin littattafan da ake tsarkakewa. Kada ku yarda don mandiƙi ya kai ku gare shi, ko don kun ciro shi ta hanyar ƙiyasi, ko don kun auna zahirinsa ya yi kama da gaskiya, ko don kun juya shi a zuci ya dace da ra'ayinku. Kada ku yarda don mai maganar ya yi kama da wanda ya san abin da yake faɗa, ko don kun ce ai wannan malaminmu ne.

Mutumin zamani in ya karanta wannan jeri, huɗun farko da biyun ƙarshe yake ji, ya yi tsalle ya haye huɗun tsakiya. Shi ya sa wata magana ta cika Facebook da WhatsApp da Turanci, ana jingina ta ga Buddha, wai ya ce kada ka gaskata komai, ko daga bakina ya fito, sai in ya yi daidai da hankalinka da tunaninka. Masu yaɗa ta ba su duba asali ba. A nassin, hankalin mutum da abin da ya kwanta masa a rai suna cikin waɗanda aka ce kada a dogara da su, kafaɗa da kafaɗa da al'ada da ji-ta-ji-ta. Wanda ya ce "ni dai abin da kaina ya ɗauka shi nake bi" bai tsira daga gargaɗin ba, layi ɗaya yake da wanda ya ce "haka muka tarar iyayenmu na yi".

To in an ture gado, an ture littafi, an ture mandiƙi, an ture malami, me ya rage? Buddha ya ce: idan ku da kanku kuka san cewa abu kaza mugu ne, abin zargi ne, masu hikima suna tir da shi, kuma in an aikata shi cuta da wahala yake haifarwa, to ku bar shi. Daga nan ya shiga yi musu tambayoyi irin na ɗan aji ɗaya. In haɗama ta taso a zuciyar mutum, alheri take jawo masa ko sharri? Suka ce sharri. Ƙiyayya fa? Sharri. Ruɗu fa? Sharri. Wanda waɗannan ukun suka ci ƙarfinsa ba shi ke kisa da sata da bin matan mutane da ƙarya ba, har ya ja wasu su yi? Suka ce shi ne.

A lura da yadda ya karkatar da zancen. An tambaye shi wane malami ne mai gaskiya, ya mayar da tambayar ta koma wane hali ne ke cutarwa. Ya ɗauke su daga fagen da ba su da abin awo, ya kai su fagen da kowannensu ya taɓa ganin sakamako da idonsa. A lura kuma da sharaɗin nan na "masu hikima suna tir da shi", wanda masu jawo huɗubar kan haɗiye. Ganin mutum shi kaɗai bai wadatar ba, sai an gwada shi da ganin waɗanda suka fi shi gogewa. Malamin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, sai dai a wannan karon matsayin mai ba da shaida aka ba shi, hukunci ya koma hannun mai tambaya.

Ƙarshen huɗubar ya fi farkonta ba ni sha'awa. Bai tilasta wa Kalamawa su yarda da rayuwa bayan mutuwa ba. Ya ce wanda ya wanke zuciyarsa daga gaba da mugunta yana da natsuwa huɗu tun a nan duniya. In akwai wata rayuwa kuma ayyuka suna da sakamako, zai dace a can. In babu, ya zauna lafiya a nan ba gaba ba tashin hankali. In sharri yana bin mai aikata shi, shi bai aikata ba. In ba ya bi, to ta kowace fuska dai hannunsa a wanke yake. Lissafi ne na wanda bai tabbatar ba tukuna amma dole ya rayu kafin tabbacin ya zo.

Wanda ke son ganin inda aka ja layi tsakanin yarda da makauniyar biyayya, huɗubar Canki da ke cikin Majjhima Nikaya ta fi ta Kalama fito da shi fili. A can wani saurayi Brahmane, wato ɗan gidan limaman gado na Indiya, ɗan shekara 16, mai suna Kapathika, wanda ya haddace Veda, littattafansu masu tsarki, ya yi ta katse manya har aka ba shi fili. Ya ce malamansu sun yanke cewa tsoffin waƙoƙinsu na ibada su kaɗai ne gaskiya, saura duk ɓata ne, me Gotama zai ce? Buddha ya tambaye shi: a cikin Brahmanawa akwai ko mutum ɗaya da ya ce ni na san wannan, na gan shi da kaina? Ya ce babu. Malamansu fa, da malaman malamansu har hawa bakwai? Babu. Waɗanda suka fara tsara waƙoƙin fa? Su ma babu. Sai ya kamanta su da jerin makafi riƙe da juna, na gaba bai gani ba, na tsakiya bai gani ba, na baya bai gani ba.

Amma bai ce saboda haka abin da suka riƙe ƙarya ne ba. Cewa ya yi abin da aka yarda da shi da zuciya ɗaya yana iya zama fanko, wanda ba a yarda da shi ba kuma yana iya zama gaskiya tsantsa, don haka ƙarfin yarda ba ya nuna komai game da ingancin abin da aka yarda da shi. Mai imani in ya ce "wannan shi ne imanina", ya tsare gaskiya. In ya zarce ya ce "wannan kaɗai ne daidai, saura shirme", ya faɗi abin da bai kai ga saninsa ba. A ganina nan ne gishirin maganar yake. Laifin da ake kamawa shi ne mutum ya sa wa abin da ya ji rigar abin da ya gani. Yarda ita kanta ba a hana ta ba, an dai ce ta amsa sunanta.

Har ma ita ce matakin farko a tsarin da ya zayyana wa saurayin. Ka sami malami, ka zuba masa ido tukuna: akwai haɗama ko ƙiyayya ko ruɗu a tare da shi da za su sa ya ce ya sani alhali bai sani ba? In ka bincika ba ka samu ba, sai ka ba shi amana, ka kusance shi, ka saurara, ka riƙe, ka auna ma'ana, ka gwada a aikace, har ka kai ga ganin abin da kanka. Kamar ɗan ayari ne da madugu a hanyar Bilma. Bai taɓa ganin rijiyar da ke gaba ba, kuma ba zai ce sai an nuna masa ita kafin ya ɗaura wa raƙuminsa kaya ba, in ya ce haka a gida zai tsufa. Abin da yake da shi shi ne rijiyoyin baya da madugun ya ce za a tarar aka kuwa tarar, da shaidar waɗanda suka bi shi suka dawo. Ranar da ya sha ruwan da bakinsa, ya daina buƙatar a gaya masa.

Buddha bai cire kansa daga wannan bincike ba. A huɗubar Vimamsaka ya umurci almajiransa su bi diddiginsa da ido da kunne, su duba ko halinsa na kirki ya daɗe ko na jiya-jiya ne, su duba ko suna da ɗaukaka sun canza shi. Da wani attajirin Nalanda mai suna Upali, babban mai ɗaukar nauyin malaman wani addinin da ake kira Jain, ya zo yin muhawara aka kayar da shi ya ce zai koma bayan Buddha, sai aka ce masa ya je ya ƙara nazari, domin sananne irinsa bai kamata ya yi gaggawa ba. Aka kuma ce kada ya rufe wa tsoffin malamansa ƙofar sadaka.

In aka tsaya a nan, sai a ɗauka addini ne da ba ruwansa da miƙa wuya. Kundin da ya kawo waɗancan huɗubobi shi ya kawo wasu masu wata murya dabam. A huɗubar Kitagiri an ce abin da ya dace da almajiri mai imani shi ne ya riƙe cewa Buddha ne malami ni ɗalibi ne, shi ya sani ni ban sani ba. Shakka tana cikin shingaye biyar da ke hana zuciya natsuwa, tana kuma cikin ƙulle-ƙulle uku na farko da dole a tsinke kafin a taka matakin farko na tsira. Akwai abubuwa huɗu da aka ce kada a tsananta tunani a kansu don suna iya zautar da mutum, ciki har da yadda sakamakon ayyuka ke gudana dalla-dalla. Da wani ɗan zuhudu mai suna Sati ya fahimci cewa sani guda ne ke ƙaura daga rayuwa zuwa rayuwa ba tare da ya canza ba, ba a ce masa kowa da fahimtarsa ba. An kira shi gaban jama'a aka ce masa wawa, wa ka taɓa ji na koya wa haka? Kuma dab da rasuwarsa, Buddha ya bar ƙa'ida cewa duk wanda ya zo da magana ya ce daga gare shi ya ji, kada a karɓa kada a ƙi, a gwada ta da huɗubobi da dokokin zuhudu. Littafin da aka ce wa Kalamawa kada su kafa hujja da shi, ga shi ya zama ma'auni ga 'yan gida.

Bhikkhu Bodhi, ɗan zuhudu Ba'amurke da ya fassara kundin Anguttara zuwa Turanci, ya yi wannan bayani a wata maƙala ta 1988. Ya ce a duba su wa ake wa magana. Kalamawa ba mabiya ba ne a lokacin, baƙi ne da ke bakin ƙofa, don haka aka ba su abin da za su iya tabbatarwa ba tare da sun yarda da kowa ba. Wanda ya riga ya shiga ya ɗauki Buddha a matsayin jagora, ana sa ran ya karɓi abubuwan da bai kai ga gani ba tukuna. Buddhaghosa, babban mai sharhi na ƙarni na 5 bayan Miladiyya a Siri Lanka, ya ce dole a daidaita imani da hikima: mai imani da yawa da ƙarancin hikima yakan yarda da abin da bai cancanta ba, mai kaifin kai da ƙarancin imani kuma yakan zama mai wayon tsiya, kuma warkar da shi wuya gare shi kamar cutar da magani ya haddasa.

Bayanin yana da ma'ana, amma bai rufe ramin duka ba. Gwajin Kalama yana aiki sarai a kan haɗama da fushi, domin kowa na iya ganin abin da suke haifarwa kafin rana ta faɗi. A kan sake haihuwa bayan mutuwa, ko sakamakon aikin da aka yi a wata rayuwa, ba ya aiki ga talaka mai noma da kiwo. An ce wanda ya yi nisa a zuzzurfan tunani zai gani da kansa, to amma kafin ya yi nisan ya shafe shekaru ana koya masa abin da zai gani. In ya gani, an ce ga shaida. In bai gani ba, an ce bai isa ba tukuna. Haka nan "masu hikima" da ake gwada fahimta da tasu, wa ke tantance su in ba tafarkin da ake son a gwada ba? Wannan matsala ba ta addinin Buddha kaɗai ba ce, amma masu tallata shi a matsayin kimiyya zalla sukan yi kamar babu ita.

Akwai kuma wani abu da masana nassi suka tono. Huɗubar Kalama tana da 'yar'uwa a kundin Madhyama Agama, wanda aka fassara zuwa Sinanci a ƙarshen ƙarni na 4. Gari ɗaya, mutane ɗaya, tambaya ɗaya, amma a can babu jerin abubuwa goman nan. A can Buddha cewa ya yi da su kada su yi shakka, domin su ba su da tsarkakakkiyar hikimar da za su san ko akwai wata rayuwa ko babu. Riwaya biyu ke nan daga tushe guda, kowace ta bi ta bakin masu hadda na ɗaruruwan shekaru, domin sai a ƙarni na 1 kafin Miladiyya aka rubuta kundin Pali a Siri Lanka. Huɗubar da ke cewa kada a dogara da abin da aka ji, da "haka na ji" take farawa.

Me ya sa to ta yi wannan tashe? Amsar tana cikin tarihin mulkin mallaka. A ƙarni na 19 'yan mishan a Siri Lanka suna kiran addinin Buddha bautar gumaka da camfi, malamansa kuma suka tashi ramawa. A muhawarar Panadura ta 1873 ɗan zuhudu Migettuwatte Gunananda ya kara da masu wa'azin Kirista a gaban dubban mutane, labarin ya kai har Amurka. Henry Steel Olcott, tsohon kanar na sojan Amurka, ya iso tsibirin a 1880 ya taimaka wajen kafa makarantu da fito da addinin a siffar da ta dace da ilimin zamani. Anagarika Dharmapala ya kai wannan siffa taron addinai na duniya a Chicago a 1893. Da Soma Thera ya fassara huɗubar zuwa Turanci a tsakiyar ƙarni na 20, sai ya yi mata take da ke nuna ita ce takardar 'yancin bincike ta Buddha, sunan kuma ya bi ta. A Indiya, B. R. Ambedkar, lauya kuma ɗan siyasa, ya shiga addinin a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan 'yan ajin al'ummar da ake ƙyama tun daga haihuwa, ya kuma yi amfani da wannan 'yanci ya sake fassara koyarwar sakamakon ayyuka, domin ya ga yadda ake amfani da ita a ce wa wanda aka haifa a ƙasƙanci laifinsa ne na wata rayuwa.

A sauran ƙasashen abin ya rarrabu. A Japan, Shinran, wanda ya rasu a 1263, ya koyar da cewa ɗan Adam ya yi rauni da yawa da zai ceci kansa, sai dai ya dogara kacokan ga alƙawarin Buddha Amida, kuma ɗariƙarsa tana cikin mafi yawan mabiya a ƙasar har yau. Malaman ɗariƙar Zen irin su Hakuin suka mayar da shakka kanta kayan aiki, suka ce sai an haɗa babban imani da babbar shakka da babbar himma. A Tibet ana yawan jawo wani baiti da ke cikin littafin Shantarakshita na ƙarni na 8, cewa a gwada maganar Buddha yadda maƙerin zinariya ke ƙonawa ya yanka ya goga kafin ya karɓa. Dalai Lama na 14, jagoran mabiya Buddha na Tibet, ya rubuta a 2005 cewa in kimiyya ta tabbatar da kuskuren wata da'awa ta addininsa, dole a bar da'awar, kuma shi da kansa ya ajiye tsohon bayanin da ke cewa dutsen Meru ne cibiyar duniya.

Sai dai samun izinin tambaya a littafi daban, yin tambayar daban. Mai karatun Hausa da ya san mabiya Buddha ta labaran Rohingya zai tuna da Wirathu, ɗan zuhudun Myanmar da ya yi suna wajen hura wutar ƙin Musulmi. Gwajin da aka ba Kalamawa, cewa a duba ko magana ƙiyayya take haifarwa, ya isa ya tona asirin wa'azinsa cikin minti ɗaya, amma jama'a suka yi ta cika filin da yake magana saboda rigar da ke jikinsa.

A al'adar Tibet ɗin ma, wadda ke alfahari da baitin zinariya, ana koya wa almajirin da ya ɗaura alƙawari da malami ya riƙa kallon duk abin da malamin ya yi a matsayin hikima. An ce a shafe shekaru ana bincikar malami kafin a ɗaura, amma bayan an ɗaura bakin almajiri ya mutu. A 1993, a wani zama da malaman addinin na ƙasashen Yamma a Dharamsala, Dalai Lama ya ce in malami ya ci amana aka yi masa magana bai daina ba, a fallasa shi ko da a jarida ne. A Yulin 2017 manyan almajirai takwas na Sogyal Rinpoche, wanda ya kafa ƙungiyar Rigpa mai cibiyoyi a ƙasashe da dama, suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka da lalata da almubazzaranci, suka ce an daɗe ana gaya musu cewa dukan da suke sha koyarwa ce. Ya sauka daga shugabanci bayan wata guda. Binciken da wani kamfanin lauyoyi na Ingila ya gudanar ya fito a 2018, ya ce hujjoji sun rinjaya cewa an ci zarafin wasu almajirai, kuma akwai manya a ƙungiyar da suka san da zancen tun da daɗewa ba su ɗauki mataki ba.